Harabar Masallacin Annabi a Madina: Inuwa, Ruwa da Taron Baƙi

Harabar Masallacin Annabi (SAW), wato shimfiɗaɗɗen filin da ya kewaye masallacin, ita ce dandalin birnin Madina, domin a nan titunan tsakiyar gari suke ƙarewa, a nan kuma baƙo yake ƙarar da yawancin wuninsa tsakanin wannan salla da waccan. Filin ya samu siffarsa ta yau ne a faɗaɗawar da aka yi zamanin Sarki Fahad, wadda ta kankama a shekarun 1980 ta kuma kammala a farkon shekarun 1990, lokacin da aka rushe tsofaffin unguwannin da ke manne da masallacin, ciki har da Unguwar Agawat, mazaunin hadiman masallacin, wadda ke tsakaninsa da maƙabartar Baƙi'a.

Abin da ke fara ɗaukar hankalin mai ziyara shi ne laimomi 250 da aka kammala kafawa a shekarar 2010, zamanin Sarki Abdullahi, bisa zanen kamfanin SL Rasch na Jamus, wanda masanin gine-gine Mahmoud Bodo Rasch ya kafa. Kowace laima tana da kusurwa huɗu, faɗinta ya ɗan haura mita 25 ta kowane gefe, kuma idan duk suka buɗe suna rufe fili mai girman murabba'in mita 143,000. An yi rumfar da wani farin yadi mai suna PTFE, wanda yake tare zafin rana amma yake barin haske ya ratsa, shi ya sa inuwar ba ta da duhu, har mai karatun Alƙur'ani yana iya bin baƙaƙensa da tsakar rana ba tare da ya matse ido ba. An kuma bambanta tsayinsu, wata ta ɗara wata, don gefunansu su hau kan juna kada rana ta samu kafar shiga, saboda haka ba a buɗe su lokaci guda, sai bi da bi, gudun kada su yi karo.

Da hantsi, idan hannuwan ƙarfen suka fara miƙewa a hankali, yadin yana warwarewa cikin 'yan mintoci ba tare da wata ƙara ba, akan ga tsofaffi da matasa sun yi cirko-cirko, kowa ya ɗaga waya sama. Da yamma kuwa sai a naɗe su, kowace ta koma siririn ginshiƙi mai fitilu, kuma hikimar hakan ita ce a bar zafin da daɓen ya sha da rana ya fice zuwa sararin sama cikin dare. Ta haka fili ɗaya yake zama zaure mai rufi da azahar, ya koma buɗaɗɗen dandali bayan magariba, inda ake hango koriyar ƙubba da hasumiyoyi goma na masallacin ba tare da shamaki ba.

Sai dai abin da tafin ƙafa da maƙogwaro suka shaida ya fi daɗewa a zuciyar baƙo fiye da abin da ido ya gani, musamman a garin da zafin bazararsa kan wuce digiri 40. An shimfiɗa wa wani sashe na filin farin marmara wanda ba ya riƙe zafi, sauran kuma dutsen giranit, bambancin da wanda ya cire takalmi yake ganewa tun a takun farko. A jikin ginshiƙan laimomin akwai fankoki masu feso ruwa kamar raɓa, ga famfunan ruwan sha a gefe, a cikin masallaci kuma ga tulunan zamzam da ake kawowa cikin tankoki daga Makka, tafiyar sama da kilomita 400. Bandakuna da wuraren alwala da ma'ajiyar motoci duk an tura su ƙarƙashin ƙasa, ana sauka ta matattakala mai tafiya da kanta, wadda dattijon da bai saba da ita ba yakan tsaya a bakinta har sai wani ya kama masa hannu.

Tsarin yana da nasa cikas, kuma daga kyawunsa ya taso: laimomin sun yi kama da juna, otal-otal ɗin da suka yi wa filin zobe su ma haka, don haka ɓata hanya ya zama ruwan dare. Wannan ne ya sa jagororin alhazan Najeriya da na Nijar suke nanata wa mutanensu, musamman masu son cika salla arba'in a kwana takwas, cewa su haddace lambar ƙofar da suka shigo ta cikinta, su kuma riƙe takalmansu a leda. Wanda ya ɓace yakan kasa kunne ne ko zai jiyo Hausa, kuma ba ya daɗewa bai ji ba, ko daga bakin ɗan'uwansa alhaji, ko daga 'yan asalin ƙasar Hausa da kakanninsu suka zauna a Hijaz, ko ma daga mai shagon da ya koyi ciniki da harshen.

A watan Ramadan ne amfanin wannan sarari yake fitowa fili, sa'ad da ake shimfiɗa dogayen ledoji sahu-sahu bayan la'asar, a jera dabino da kindirmo da burodi da kofunan ruwa, mutanen Madina suna jan hannun baƙi zuwa shimfiɗarsu. Ana kiran salla a sha ruwa, cikin 'yan mintoci a naɗe ledojin da abin da ya rage a kansu, kafin a ta da iƙama wurin cin abincin ya riga ya koma sahun salla, Bahaushe a gefen Baturke, Baturke a gefen mutumin Indunusiya.