Ciwon Marar da Ba Sanyi Ba

A Gummi ko Anka ko Bukkuyum, macen da ta kai kukan ciwon mara kemis ta san amsar tun kafin ta buɗe baki: sanyi ne. A ba ta kafso, a ƙara da allura, in bai ji ba a koma sassaƙe. Sau da yawa sanyin ne kuwa. Amma akwai ciwon da ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba, jijiyar ji ce ta matsu.

Likitoci na kiranta fudendal. Daga ƙashin tsatso take saukowa, ta ratsa wani ƙunci cikin ƙugu, ta kai ga al'aura da dubura. In ta matsu, sai raɗaɗi kamar an zuba barkono. Zama ya gagara, tsayuwa ta kawo sassauci, kuma da wuya ya ta da mutum daga barci. Likitocin Nantes a Faransa suka fitar da waɗannan alamomi a 2008, haɗe da gwaji: a kashe jijiyar da allura, in ciwon ya lafa an gano bakin zaren.

In magani ya kasa, sai tiyata. An saba tsagawa ta ɗuwawu. Yau wasu asibitocin Turai da Amurka na shiga ta 'yan huji a ciki da wata na'ura mai suna "da Vinci", wadda Amurka ta amince da ita a 2000. Ana ce mata mutum-mutumi, alhali likita ne zaune gefe yana sarrafa hannuwanta, har ya saki jijiyar.

Na'urar ta yi mana nisa, ilimin kuwa a ƙofar gida yake. Tun a shekarun 1980 Dakta Kees Waaldijk ya fara ɗinkin yoyon fitsari a Babbar Ruga da ke Katsina, ya kuma rubuta yadda doguwar naƙuda ke murƙushe jijiyoyin ƙugu har mace ta tashi tana jan ƙafa. A yankin da rashin tsaro ke hana mai naƙuda fita asibiti da dare, wannan ba baƙon labari ba ne.

Abin da ke ci mini rai shi ne, jan ƙafa ana gani, yoyo ana jin warinsa, raɗaɗi kuwa kunya ke rufe shi. Ina so ma'aikacin ƙaramin asibiti, kafin ya miƙa kafso, ya dubi zaman baiwar Allah a benci. In a karkace take, ya tambaye ta: "Inna, zama na ƙara miki ciwon?"