Abin Da Ɗan Guntun Nama Ke Faɗa wa Likita

Wanda ya taɓa jinya a asibitin koyarwa, mai yiwuwa ya ji likita ya ce, "Za mu ɗebi ɗan nama mu kai ɗakin gwaji." Da jin haka gaban wasu kan faɗi, har su kwashe majinyacinsu su koma gida. Alhali kuwa ɗan guntun nan, da wani lokaci bai kai ƙwayar wake ba, shi ke riƙe da amsar da ake nema. Ilimin karanta shi ake kira histoloji, kuma ɗalibin likitanci a Zariya ko Kano ko Sakkwato yakan fara shi tun kafin ya soma duba marasa lafiya.

Jikin mutum kamar gini yake, tubalinsa ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani. Ƙwayoyi masu aiki iri ɗaya kan haɗu su zama saƙa, kuma saƙar jiki kashi huɗu ce: mai lulluɓe fata da cikin hanji, mai ɗaure sassa kamar ƙashi da guringuntsi har da jini, sai tsoka, sai jijiyoyin da ke kai saƙo. Daga waɗannan huɗun aka gina hanta da ƙoda da huhu.

Kafin a duba naman, sai an tsoma shi a ruwan fomalin don kada ya ruɓe, a tsane ruwan jikinsa, a dasa shi cikin kakin kyandir. Daga nan wata na'ura mai kaifin aska ta fere shi, kaurinsa bai wuce maikiromita 5 ba, wato silin gashi ya ninka shi fiye da sau 10. Sai a shimfiɗa a kan gilashi a rina. Rini ɗaya, wanda ake samu daga wani itace na Amurka ta Tsakiya, yana mai da cibiyar ƙwaya shuɗiya, ɗayan kuma ya ba sauran jikinta launin ruwan hoda.

A makonnin farko, ɗalibi ba ya ganin komai a madubin likita sai zane irin na atamfa. A hankali idonsa ke sabawa, har ya rarrabe ƙoda da hanta cikin ɗan lokacin da ake ba shi a jarrabawa kafin ƙararrawa ta kaɗa ya matsa madubi na gaba. Wahalar tana da dalili. Wanda bai san lafiyayyen nama ba, yaya zai gane wanda ya lalace? Tun a 1858 Bajamushen likitan nan Rudolf Virchow ya kafa hujjar cewa a cikin ƙwayoyin halitta ake neman tushen cuta.

Da wannan ilimi ake tantance kullutun da ya fito a mama, ko sankara ce ko ƙari ne maras illa. Da shi ake ganin ƙwan tsutsar tsargiya maƙale a bangon mafitsara. Saboda haka, in likita ya nemi ɗibar nama, a amince masa, a kuma koma a karɓi sakamako. Ciwon da aka gano da wuri ya fi sauƙin magani.