Shin Ko Kun San? Tarihin da Muka Yi Wasa a Kansa Muna Yara

Shin ko kun san cewa tudun nan na jar ƙasa da mu 'yan birnin Kano muka riƙa yin sulu a kansa, muna yaga wanduna, mu koma gida mu sha tsumagiya, ya doshi shekara 900? Badala nake nufi. Littafin tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya sa harsashinta, kuma a zamanin Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, aka ƙara mata faɗi. Mu dai abin da muka sani a lokacin shi ne, in ka hau kanta da la'asar sakaliya za ka hango Dala da Goron Dutse, ka kuma hango wanda aka aiko ya nemo ka tun kafin shi ya gan ka.

Kududdufan da aka hana mu wanka a ciki fa? Yawancinsu ramukan da aka haƙa ne aka ɗebi ƙasar da aka yi tubalin gidaje da ita. Duk inda ka ga tsohon kududdufi a cikin gari, dubi soraye da zaurukan da ke kewaye da shi, to daga cikinsa suka fito. Yau an cike da yawa an kafa shaguna, shi ya sa in aka yi ruwan awa biyu sai ya rasa inda zai kwanta, ya shigo mana ɗaki.

Shin ko kun san cewa kalmar "Turawa" ta riga Turawan Ingila zuwa ƙasar Hausa? Akwai unguwa a birnin Kano mai suna Dandalin Turawa, kuma ba don mutanen Gwamna Lugga aka raɗa mata ba. Larabawan arewacin Afirka, fataken da ke ketowa ta hamada daga wajajen Tarabulus da Gadamas, su ake kira Turawa. Da farar fatar Ingila suka shiga Kano a watan Fabrairu na 1903, Nasara aka fi ce musu, daga baya sunan ya zame ya koma kansu. Ni kam na yi shekaru ina wucewa ta wurin in an aike ni kasuwar Kurmi, ina zaton can ne Joji ya taɓa zama. Haka sauran unguwannin suke, kowace da takardar shaidarta a cikin sunanta: Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Ayagi ta Yarabawa. Wanda ya iya karanta sunan unguwa ya riga ya san daga ina kakannin maƙwabcinsa suka taso.

Sunayenmu ma haka. Shin ko kun san cewa a da, jin sunan mutum kaɗai ya isa ka san ranar da aka haife shi da waɗanda ya biyo? Ɗanladi da Ladi, Talatu, Balarabe, Lami, Jummai, Asabe, waɗannan kowa ya san ranakunsu. Amma yaran yanzu nawa ne suka san Tanko namiji ne da ya biyo mata, Kande ko Delu mace ce da ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye, Cindo an haife shi da yatsa shida, Shekarau kuwa ya daɗe a ciki? Alkunya ce ta raya yawancin waɗannan sunaye. Uwa ba ta kama sunan ɗan fari, suruka ba ta kama sunan da ya zo ɗaya da na uban mijinta, dole a nemi laƙabi. Ina da ɗan'uwa da sai ranar da aka kai shi firamare ya ji sunansa na yanka, malam ya yi ta kira, shi kuma yana ta waige yana neman mai sunan.

Bari mu ɗan zauna a kan kuɗi, don nan ne labari yake. Shin ko kun san cewa naira da kobo sun fara aiki ne ranar 1 ga Janairu, 1973? Kafin nan fam ne da sule da kwabo. Kwabo 12 ke yin sule, sule 20 ke yin fam. A tsakani akwai taro, kwabo 3. Sisi, kwabo 6. Nai, kwabo 9. Ƙasa da kwabo akwai ɗari, wato rabinsa, sai ƙaramin cikinsu, anini, wanda sai ka tara guda 10 kafin su zama kwabo ɗaya. Da aka yi canji, fam ɗaya ya koma naira 2, sule ya koma kobo 10. Kuɗin sun tafi, bakinmu ya ƙi sakin su. Har gobe in mutum ya tashi rantsuwa a kan talauci cewa yake ba shi da ko sisi, ko anini, alhali bai taɓa riƙe ko ɗaya daga cikinsu ba. Tsofaffin dillalan kara sun daɗe suna ciniki da fam bayan gwamnati ta yi masa jana'iza. Jaka kuwa fam 100 ce, shi ya sa ta zama naira 200 a lissafin dattawa.

Ku tsallaka Maraɗi ko Damagaram ku ji nasu salon. Can dala ita ce tamma 5 ta kuɗin sefa, saboda haka in mai tebur ya ce maka dala 20, sefa 100 yake nufi, jika kuma sefa 1,000 ce. Baƙo daga Najeriya yakan yi kwana biyu yana lissafi da yatsu kafin kansa ya waye.

Aninin nan yana da huda a tsakiya, da tauraro mai tsini 6, da rubutun Larabci a jikinsa. Hudar ta yi wa mutanen da suka saba zura wuri a zare daidai. Kuma shin ko kun san cewa daga gare shi ne muka samo sunan tauraron da ke kafaɗar hafsan soja da na 'yan sanda? In aka ce an ƙara wa wane anini, tsohon kuɗin alewa ne ya hau kafaɗa.

Kakata ba ta taɓa faɗin shekara da lamba ba, kuma ba ta taɓa ɓata lissafi ba. Kalandarta abubuwan da suka faru ne. Takan ce an haifi babarta bayan Kakalaba, wato babbar yunwar 1913 zuwa 1914. Wance an yi aurenta shekarar zuwan Sarauniya, 1956 ke nan, lokacin da aka yi wa Sarauniya Elizabeth hawan daba a Kaduna. Wane an yaye shi shekarar hannun dama: ranar 2 ga Afrilu, 1972 motocin Najeriya suka bar tuƙin hagu. Wance an yi mata kunnen ƙashi shekarar Udoji, ƙarin albashin da ya biyo bayan rahoton 1974, wanda ya cika gari da rediyo da babura, ya kuma ɗaga farashin komai har kan wanda bai ci ko kwabo a ciki ba. Mu kuma da aka kwasa aka zuba a aji a 1976, 'yan UPE ake ce mana har muka yi gemu.

Shin ko kun san cewa tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi da muka sha a gindin kaka, ana ta yi mana kashedin kada mu kuskura mu yi su da rana, an buga su a littafi tun kafin a haifi kakar? Wani jami'in mulkin mallaka, Frank Edgar, ya tattara su daga hannun malamai da suka rubuta da ajami, aka buga su juzu'i 3 a birnin Belfast tsakanin 1911 da 1913. Na ga littafin da girmana. Tatsuniyoyin suna nan, amma babu muryar tsohuwa da take maƙalewa in ta zo maganar Gizo mai tsamin baki, babu farin wata, babu ƙanin da ya yi barci kafin a kai ga ƙurunƙus.

A cikin tsofaffin da maganarsu ta shiga littafi, wadda ta fi burge ni ita ce Baba ta Karo. Tsohuwa ce Bahaushiya da aka haifa wajajen 1877, ba ta yi boko ba. A 1949 da 1950 ta zauna a garin Giwa ta ƙasar Zazzau tana ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin rayuwarta: wasannin 'yanmatancinta, ƙawance, bukukuwa, aure-aurenta, da fargabar mahara masu kama bayi kafin zuwan Turawa. Ta rasu a 1951, littafin ya fito da Turanci a 1954, kuma har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. A ganina kowane ƙauye ya yi irin Baba goma. Ita dai ta dace da mai alƙalami ne.

Shin ko kun san cewa allon da muka yi ta wankewa, galibi da itacen aduwa ake sassaƙa shi? Ita dai aduwar da muke tsotsa muna yamutsa fuska. Alƙalami na gamba, tawada ta baƙin tukunya ko gawayi da ƙaro, kuɗin Laraba a ƙulle a bakin riga, Alhamis da Juma'a hutu. Ranar Laraba ce jarrabawar amana ta farko a rayuwar yaro, domin hanyar makaranta ta gaban mai hanjin ligidi da ɗan tamatsitsi take bi.

Ga wasu a gurguje. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939 daga Zariya, Abubakar Imam ne editanta na Hausa na farko, kuma a ƙauye kwafi ɗaya kan ishi zaure guda: mutum ɗaya ya karanta, ashirin su saurara. Sashen Hausa na BBC ya fara magana ranar 13 ga Maris, 1957, da shirin minti 15 kacal. Jirgin sama ya fara sauka a Kano a Nuwamban 1925. Damagaram ce hedikwatar Nijar har zuwa 1926 da Faransawa suka mayar da ita Yamai. Bikin kamun kifi na Argungu, a yadda aka san shi yanzu, ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai garin a 1934, bayan doguwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Rijiyar Kusugu ta Daura, wadda labari ya ce macijiya ba ta bari a ɗebi ruwanta sai ranar Juma'a kafin zuwan Bayajidda, tana nan, an gina mata ɗaki, baƙi suna zuwa su sha.

Shin ko kun san cewa dalar gyaɗa ba ita Turawa suka yi niyya ba? Da layin dogo ya iso Kano a 1911, auduga suke kwaɗayi don masaƙun Ingila. Manomi ya yi nasa lissafin: gyaɗa ta fi kuɗi, ba ta wahalar da ƙasa, harawarta abincin dabba ce, in kuma shekara ta yi tsanani a ci ta, auduga kuwa ba ta shiga tukunya. 'Yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, suka shiga saye, buhuna suka fi ƙarfin taragon jirgi, sai aka riƙa jera su suna hawa sama. Babbar dala kan ci buhu wajen 15,000. Fari da cutar gyaɗa na tsakiyar shekarun 1970, ga kuɗin man fetur da ya ɗauke hankalin gwamnati, su suka kwantar da ita. Mu mun tarar da filayen ne kawai, muka kafa duwatsu biyu muka mayar da su gidan gola.

Tashe kuwa, wanda ake farawa in azumi ya kwana 10, a Kano har sarautar gwagware yake da ita, Nalako, mai bi unguwa-unguwa yana tonon asirin mazan da azumi ya riska ba mata. Mu ƙanana namu bai wuce gemun auduga da tsumma a ciki a yi tumbi ba. Abin da aka samu, hatsi ne ko 'yan kwabbai, a raba a ƙarƙashin fitilar mai shayi, kuma ban taɓa ganin an yi rabon nan an tashi lafiya ba.

A irin wannan tashen ne wata tsohuwa a lungunmu ta laluba bakin zanenta ta miƙo mana anini 3, shekaru bayan an daina karɓarsu. Babu mai tebur ɗin da ya yarda ya ba mu ko alewa ɗaya. Da aka zo rabo kowa ya ƙi su, aka tura mini don ni ne ƙarami, na yi kuka har gida. Biyu sun ɓata a ƙaura. Ɗayan na zura shi a zaren makullin ɗakina, kwanan baya jikata ta ɗauka ta juya shi, ta tambaye ni wane injin ne wannan wosha ta faɗo daga jikinsa.