Taron Masu Neman Rabuwa da Giya: Inda Ake Samunsa da Yadda Ake Shiga



Akwai maganar da ba ma son ɗagawa a kara, amma kowa ya san da ita. Mutum ya ɗauko shanu tun daga Paga, ya sha wahalar hanya, ya sauke a Kumasi ko Tulaku, sannan ya kwashe mako yana jiran mahauta su biya bashi. Iyali na nesa, dare ya yi tsawo. A nan wasu suka fara da kwalba ɗaya wai don huce gajiya, yau ga shi giya ta cinye la'ada, har ta taɓa uwar kuɗi. A sana'ar da ake ba da bijimi goma a kan maganar baki, wanda aka daina yarda da shi ai ya fita kasuwa ke nan.

Da yawa sun rantse sun daina, bayan kwana biyu suka koma. Ba rashin zuciya ba ne kawai. Likitoci sun ɗauki kamuwa da giya a matsayin ciwo, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 2.6 suka mutu sanadiyyar giya a shekarar 2019. Irin wannan ciwo da wuya mutum ya fita daga cikinsa shi kaɗai. Shi ya sa ake da taron da masu fama da shi ke taimakon juna.

Wanda ya fi shahara shi ne na ƙungiyar Alcoholics Anonymous, AA a taƙaice. Masu bin Togo, Burkina Faso ko Nijar za su ji ana cewa Alcooliques Anonymes. Mashaya biyu suka fara ta a garin Akron na Amurka a 1935, ɗaya likita, ɗaya kuma mai harkar hannun jari. Sun lura cewa idan mashayi ya zauna da ɗan'uwansa suka faɗa wa juna gaskiya, kowannensu yakan fi iya riƙe kansa. A 2020 masana suka tattara bincike 27 da aka yi a kan mutum fiye da dubu goma, suka ga cewa wajen barin giya gaba ɗaya wannan hanya ba ta gaza sauran hanyoyin ba da shawara na asibiti ba, wani lokaci ma ta fi su.

To, ya taron yake? Yawanci awa guda ake yi. Ba kuɗin shiga, ba rajista. Sharaɗi ɗaya ne, mutum ya kasance yana son ya daina sha. Sunan farko kawai ake faɗa, kuma abin da aka ji a ɗakin a ɗakin ake barinsa. Kowa na ba da labarin kansa ne, ba mai yi wa wani faɗa. Sabon zuwa in ya so ya yi shiru ya saurara, ba laifi. Ba a cewa ka yi alkawarin shekara goma. Na yau kawai za ka riƙe, gobe in ta zo ka sake. Daga baya sai ka zaɓi wani da ya daɗe da dainawa, wanda za ka buga wa waya idan sha'awa ta taso maka a masauki. Akwai taro na masu matsalar kaɗai, akwai kuma buɗaɗɗe wanda ɗan'uwa ko aboki zai iya raka ka.

Wani zai ce ya ji a harabar coci ake yi. Gaskiya ne, sau da yawa a nan ko a asibiti ake samun ɗaki. Amma AA ba ta ƙarƙashin wani addini, ba ta kuma neman kowa ya sake nasa. Wasu Musulmin Amurka ma sun kafa irin tasu a Baltimore a 1989, mai suna Millati Islami.

Ina za a nema? Hanya mafi sauƙi ita ce sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin da ya fi kusa da kai. A Gana akwai manyan asibitoci uku na wannan fanni: na Akra, na Pantang da na Ankaful kusa da Cape Coast. A Kumasi kuwa asibitin Komfo Anokye na da sashensa. Ka tambayi nas ɗin wurin rana, lokaci, da harshen da ake magana da shi, don yawanci Turanci ne ko Faransanci. Tun 2020 taro ta waya ya yawaita, wanda ya dace da mai yawan tafiya. In babu taro a garinku, a ƙa'idar AA ko mutum biyu ko uku suka haɗu don su daina sha, sun isa su zama rukuni.

Sai gargaɗi, kuma a riƙe shi da kyau. Wanda ya daɗe yana sha kullum, musamman mai rawar hannu da safe, kada ya yanke rana ɗaya ba tare da ganin likita ba. Cikin kwana biyu zuwa uku jijjiga da ruɗewa na iya kama shi, har ta kai ga rasa rai. Kada a gwada wannan a bayan tirela. A fara da asibiti, sannan taro.

Mu kuma sauran, namu shi ne rufin asiri. In ka ga abokin cinikinka ya shiga irin wannan wuri, ka kama bakinka. In yaronka ya nemi awa guda don ya je, ka ba shi.

Allah Ya ba mai nema sauƙi, Ya tsare mana dukiya da mutunci. Amin.