Kafin ka tuge tsiron nan, dakata

Tun daga tsakiyar 2024, lokacin da tumatir ya yi tsadar da ta kori jar miya daga gidaje da yawa, aka ga mutane sun dawo kan lambun tsakar gida. Wani ya sare gefen katanga ya yi fangali biyu, wata ta cika buhunan siminti da ƙasa ta jera bayan kicin. Sai dai ba a cika faɗin cewa yawancin asarar da sabon mai lambu ke yi a makonnin farko da hannunsa yake yin ta ba. Ni kaina na taɓa durƙusawa da sassafe na share fangalin karas tas, ina murna na gama da ciyawa, ashe karas ɗin ne na tuge.

Dalili kuwa mai sauƙi ne. Kunnuwan farko da tsiro ke fitowa da su ba su ne ganyensa na ainihi ba. Tun a cikin ƙwayar iri suke, su ke ciyar da tsiron kafin saiwa ta kama ƙasa, kuma sau da yawa ba su yi kama da ganyen da muka sani a kasuwa ba. Na karas sirara ne dogaye, sak ciyawa, ga shi kuma yana ɗaukar mako biyu zuwa uku kafin ya leƙo, alhali ciyawa ta riga shi fitowa tuni. Sai ganye na uku ya ɓullo, mai yage-yage, sannan ka ce wannan karas ne. Na tumatir ma sirara ne masu tsini, amma kararsa na da gashi-gashi, kuma in ka murza shi kaɗan ka sansana yatsa, ƙanshin tumatir ba ya ɓuya. Kuɓewa ba ta da wahalar ganewa, kunnuwanta faffaɗa ne. Albasa kuwa a lanƙwashe take fitowa kamar ƙugiya, daga baya ta miƙe.

Akwai rabon farko da ke rage aiki. Dangin ciyawa irin su harkiya da tuji da ƙarangiya da kunne ɗaya suke fitowa, kamar gero da dawa. Tumatir, attaruhu, kuɓewa, rama, yakuwa da alayyahu duk da kunne biyu suke fitowa. Don haka a fangalin da aka shuka waɗannan masu kunne biyu, duk abin da ya leƙo da kunne ɗaya tak, a cire shi ba fargaba.

Inda gizo ke saƙa shi ne alayyahu. Yana da ɗan'uwa na jini, namijin gasaya, wanda suna ƙanana ko tsohon manomi sai ya ƙura ido. Kama da wane dai ba ta wane: in ya ɗan tasa, ƙayoyi bibbiyu za su fito a inda ganye ya haɗu da kara. A nan haƙuri ne kawai magani. Ka bar su su yi ganye huɗu ko biyar, ka bi da yatsa a hankali, wanda ya soke ka ya tona kansa. Kada dai ka bar shi ya yi kai, domin gindi ɗaya na zubar da iri dubbai da za su kwanta a ƙasa suna jiran ruwa shekara da shekaru.

Aya-aya ba ta ɓoye kanta, kararta kusurwa uku gare shi in ka juya shi tsakanin yatsu. Matsalarta a ƙasa take, inda take da 'ya'ya a sarƙe da juna. Sare kanta da fartanya ɓata lokaci ne, cikin kwanaki za ta tofo. Sai an tono ta da 'ya'yan. Fasa-ƙaba ma in ka tuge ka yar a kan danshi, sake kamawa take yi.

Daga ina duk waɗannan ke zuwa? Da yawa mu muke kawo su da kanmu cikin ɗanyen takin dabbobi, domin irin ciyawa na ratsa cikin akuya da saniya ya fito lafiya lau. Takin da aka tara aka jiƙa ya ɗau zafi ya ruɓe sosai ya fi aminci.

Ni abin da na koma yi, kuma ban sake kuskure ba, ba ya cin ko sisi. Nakan shayar da fangali kwana 10 zuwa 14 kafin shuka, ciyawa ta fito, in kankare ta sama-sama ba tare da juya ƙasa ba. Sannan na daina yafa iri barkatai. Layi nake ja da tsinke, abin da ya fito a wajen layi baƙo ne. Nakan kuma zuba ƙwaya biyar na kowane iri a gwangwanin madara da yashi mai tsabta a rana ɗaya da shuka. In shakka ta zo, sai in ɗauko gwangwanin in kwatanta.

Ba kuma duk baƙo ne abokin gaba ba. Lalo da tafasa da gasaya kan fito da kansu, kuma iyayenmu mata sun san darajarsu a miya da kwaɗo. In sun fito a gefe inda ba su tare wa kowa rana ba, ni barin su nake yi.

Mai lambu, in ka ga tsiron da ba ka gane ba, kafa tsinke kusa da shi ka ba shi mako guda.