Ciwon Baya Da Masu Gyaran Ƙashin Baya Da Hannu

Da wuya a sami gidan da babu mai kukan ciwon baya. Manomi yana fama da shi bayan noman fari, uwargida kuwa wajen daka da ɗiban ruwa, tela da direba saboda yawan zama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum wajen miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu, kuma ana zaton za su kai miliyan 843 a 2050. Cikin hanyoyin jiyyarsa akwai wata da ake kira kairofaraktik, wato gyaran ƙashin baya da hannu. Bari mu duba abin da take yi, da abin da ba ta iyawa.

Yadda baya yake

Ƙashin baya ba sanda ɗaya ba ne. Ƙananan ƙasusuwa ne 33 a jere, amma 24 ne ke motsi: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu. Biyar ɗin nan na ƙugu su ke ɗauke da yawancin nauyin jiki. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai wani faifai mai taushi kamar ɗan matashi, yana hana su gogar juna. Laka tana bi ta tsakiya, jijiyoyi kuma suna fitowa daga gefe.

Daga ƙugu ne babbar jijiyar da ta fi kowace tsawo da kauri a jiki take tashi. Takan bi ta ɗuwawu, ta gangara bayan cinya, rassanta su kai har tafin ƙafa. In faifan nan ya bultso ya danne saiwarta, sai mutum ya ji zafi yana sauka ƙafa ɗaya kamar wutar lantarki, wani lokaci da mutuwar ƙafa. Wannan shi likitoci ke kira sayatika. Ciwon yana ƙafa, amma tushensa yana baya.

Asalin sana'ar

Wani mutum mai suna Daniel David Palmer ne ya soma ta a garin Davenport na Jihar Iowa a Amurka, a 1895. Ya ce ya danna ƙashin bayan wani ma'aikacin ginin da yake, Harvey Lillard, mai fama da kurumta, sai jinsa ya komo. A 1897 ya buɗe makaranta. Sunan sana'ar daga Helenanci ne, ma'anarsa abin da aka yi da hannu. Palmer ya koyar cewa kusan dukan cututtuka daga gocewar ƙashin baya suke. Bincike bai tabbatar da wannan ba. Saboda haka duk wanda ya ce zai warkar maka da asma, ko hawan jini, ko ciwon sukari ta wurin danna baya, ka riƙe kuɗinka.

Yau ana koyon aikin shekaru da dama a makaranta, har a Afirka ta Kudu, a Durban da Johannesburg. Kada a haɗa su da maɗoran gargajiya. Maɗori aikinsa karaya da targaɗe, shi kuwa wannan gaɓoɓin baya yake motsawa.

Abin da ake yi

Mai gyaran zai tambaye ka labarin ciwon, ya gwada ƙarfin ƙafafunka, sa'an nan ya kwantar da kai a kan wani gado na musamman. Sai ya danna gaɓar da sauri sau ɗaya. Sau da yawa akan ji ƙara, ƙas! Ba ƙashi ne ya koma wurinsa ba. Iska ce cikin ruwan gaɓar, kamar sa'ad da yaro ya lanƙwasa yatsunsa suka yi ƙara.

To, yana taimako? Ga ciwon ƙugu wanda ya wuce wata uku ba tare da wata cuta a ƙarƙashinsa ba, yakan rage zafi kaɗan, ya sassauta jiki, daidai da abin da motsa jiki ko tausa ke yi. A Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin hanyoyin da za a iya gwadawa, tare da motsa jiki da koya wa majiyyaci yadda zai kula da kansa. Ta kuma hana dogara ga ɗamarar ƙugu, da jan baya da na'ura, da ƙwayoyi masu sa maye irin su tiramol. Game da sayatika shaidar ba ta da ƙarfi haka, yawancin masu ita ma sukan sami sauƙi da kansu cikin makonni ko 'yan watanni. Bayan gyara jiki yakan yi tsami kwana ɗaya ko biyu. Murɗa wuya kuwa ya fi haɗari, gama ko da yake ba safai ba, yana iya yi wa jijiyar jini rauni har ya kawo shanyewar jiki.

Wanda bai kamata a danna ba

A ƙasarmu tarin fuka yakan ci ƙashin baya. Danna irin wannan baya yana iya gurgunta mutum. Haka nan tsoho mai ƙashi marar ƙwari, da wanda ya faɗo daga itace ko babur, da mai ciwon daji. Mai sikila ma ya fara ganin likitansa.

A tafi asibiti ran nan, kada a kwana, in an ga ɗaya daga cikin waɗannan: fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba sani, kāshi yana kuɓucewa, tsakanin cinyoyi ya mutu, ko ƙafa tana ƙara rauni. Ciwon baya tare da zazzaɓi, rama da gumin dare shi ma na likita ne.

Abin yi a gida

Masu wannan sana'a kaɗan ne a Nijeriya, amma ma'aikatan sashen gashin ƙashi na manyan asibitoci, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, suna jiyyar baya da hannu da motsa jiki. Kafin ka kai can, kada ka kwanta kwana da kwanaki, gama kwanciya tana ƙara sandarar da baya. Yi tafiya kaɗan kaɗan kowace rana, ka gasa wurin da tsumma mai ɗumi. In za ka ɗaga buhu, durƙusa ka jawo shi kusa da jiki, ko ka kira wani ya kama maka. In kuwa an yi maka gyara na 'yan makonni ba ka ga canji ba, kada ka ci gaba da biya. Koma wurin likita a sāke dubawa.