Wace Makaranta ce ta Dace da Haziƙin Yaro?

A gundumar Fairfax ta jihar Virginia, wadda ke kusa da birnin Washinton, fadar mulkin Amurka, akwai wata takarda da dubban iyaye kan yi zaman jiranta kowace shekara idan sanyin hunturu ya wuce, wato takardar da hukumar ilmi ke sanar da su ko ɗansu da ke aji biyu na firamare ya cancanci shiga sahun yaran da za a riƙa ba su karatu mai zurfi tun daga aji uku. Wanda aka ce ɗansa bai samu ba yana da damar ɗaukaka ƙara, kuma da yawa sukan ɗaukaka. Wanda aka yi wa albishir kuwa, shi ma murnarsa ba ta daɗewa, domin a bayan albishirin akwai mas'alar da aka bar masa ya warware da kansa: ko dai ya ɗauke yaron ya kai shi ɗaya daga cikin makarantun da aka mayar cibiyoyi, inda ake tattaro haziƙai daga unguwanni dabam-dabam a cika ajujuwa da su zalla, ko kuma ya bar shi a makarantar unguwarsu, idan tana cikin waɗanda aka ba izinin koyar da wannan manhaja a cikin gida.

Tsarin ba sabo ba ne. Tun da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam na farko a 1957 hankalin mahukuntan Amurka ya tashi, suka ga alama ana neman a tsere musu a fagen kimiyya, suka yi dokar zuba kuɗi a koyar da lissafi da kimiyya da harsuna a 1958, kuma a cikin wannan yanayi ne Fairfax ta buɗe cibiyoyinta na farko a 1964. Har yau gwamnatin tarayyar ƙasar ba ta wajabta wa kowa ware wa haziƙai wani karatu na musamman ba, kowace jiha da hukuncinta. Ita Virginia ta wajabta wa gundumominta su gano irin waɗannan yara, su kuma yi musu tanadi. A Fairfax, wadda ɗalibanta suka kai wajen 180,000, akan yi wa yara jarrabawar auna basira a farkon firamare, sa'an nan a haɗa sakamakon da shaidar malaman aji da samfurin ayyukan yaron da bayanin iyayensa, a miƙa wa wani kwamiti ya yanke hukunci.

Ita wannan jarrabawa, ko da yake iyaye na girmama ta ƙwarai, ya kamata a san iyakarta. Asalin irinta daga Faransa ne, inda Alfred Binet da abokin aikinsa Simon suka tsara ta a 1905 don a gano yaran da karatu ke yi wa wuya a taimake su. Lewis Terman na jami'ar Stanford ne ya gyara ta, ya juya ta wajen neman masu kaifin ƙwaƙwalwa, har a 1921 ya zaɓi yara kimanin 1,500 a Kalifoniya ya shiga bin diddigin rayuwarsu. Galibinsu sun yi abin kirki a duniya, amma babu ko ɗaya da ya sami kyautar Nobel, alhali kuwa yara biyu da aka gwada aka ce ba su kai ba, William Shockley da Luis Alvarez, kowannensu ya same ta daga baya a ilmin fizika.

To, me cibiya ke da shi wanda makarantar unguwa ba ta da shi? Babbar hujjar masu son ta ita ce abokan karatu. Yaron da tun yana shekara shida yake karanta littattafan da yayyensa ke karantawa, wanda idan ya yi raha 'yan ajinsu ba su gane abin dariyar ba, sau da yawa a cibiya yake fara haɗuwa da wanda zai yi masa gardama da hujja, ya kuma fara ɗanɗana abin da ake kira a riga ka ɗaga hannu. Malaman can kuma sun saba da irin waɗannan yara, kuma da yake ajujuwan haziƙai sukan fi ɗaya a kowane mataki, malami na da abokin shawara a ɗakin da ke kusa da nasa. A makarantar unguwa kuwa, yaran da kwamiti ya zaɓa ba su cika kai yawan aji guda ba, sai hedimasta ya cike gurbin da waɗansu masu ƙoƙari, ko a rarraba su rukuni-rukuni a cikin sauran ajujuwa. Manhajar a takarda ɗaya ce, har da lissafin da ake gaggauta shi ta yadda ɗan aji shida zai kammala na aji bakwai, amma saurin tafiyar ya danganta ga wanda ke riƙe da allin.

Sai dai cibiya ma tana da nata haraji, kuma yaron ne ke biya. Hukuma na ba da motar ɗauka kyauta, amma motar da ke zagaya unguwanni da yawa dole ta yi sammako, ta kuma yi yamma. Yaro ɗan shekara takwas ya rabu da abokan da suka taso tare, ƙanensa na wata makaranta shi yana wata, kuma idan aka tashi ranar Asabar waɗanda yake karatu da su suna can nesa, waɗanda ke ƙofar gidansu kuwa sun fara mantawa da shi. Iyaye kan raina wannan, domin ba ya fitowa a takardar sakamako.

A nan ne ya kamata a saurari masu bincike, domin abin da suka gano ya saɓa wa zaton jama'a. A 2014 waɗansu masana tattalin arziki uku, Bui da Craig da Imberman, sun buga nazarin da suka yi a wata babbar gunduma ta kudu maso yammacin Amurka, inda suka gwada yaran da suka tsallake ma'aunin shiga ajin haziƙai da ƙyar da waɗanda suka gaza kaiwa da ɗan kaɗan, waɗanda a hakika basirarsu kusan ɗaya ce. Bayan an ɗauki lokaci ana karatu, ba su ga wani fifiko a sakamakon waɗanda aka ɗauka ba. Suka kuma duba waɗansu fitattun makarantu biyu da ake shiga ta hanyar ƙuri'a, suka tarar waɗanda ƙuri'a ta faɗa musu ba su zarce waɗanda ta kuskure ba sai a darasin kimiyya kaɗai. Wani nazarin kuma da David Card, wanda ya sami kyautar Nobel a 2021, ya yi tare da Laura Giuliano a wata gunduma ta jihar Fulorida ya fi wannan ban mamaki: a can doka ta ce a buɗe wa haziƙai aji na daban, a cike guraben da suka rage da yaran da suka fi cin jarrabawar shekarar da ta wuce, sai ga shi waɗanda aka auna aka ce su ne haziƙan ba su ƙaru da wani abin a zo a gani ba, waɗanda aka shigar don cike gurbi su ne suka ci riba mai yawa a karatu da lissafi, musamman baƙaƙen fata da 'yan asalin ƙasashen Latin Amurka. Gaskiya ne cewa jarrabawar gama-gari ba ta iya auna duk abin da haziƙi ya ƙaru da shi, tunda dama yana kusa da ƙololuwarta. Duk da haka, wanda ya karanta waɗannan nazarce-nazarce ba zai sake ɗauka cewa sunan aji shi kaɗai yana ƙara wa yaro ilmi ba.

Abin da hujja ta fi ƙarfi a kansa shi ne a bar yaro ya yi gaba idan ya riga ya iya abin da ake koyarwa. Julian Stanley na jami'ar Johns Hopkins ya fara wani dogon bincike a 1971, yana ba yara 'yan shekara goma sha biyu zuwa sha uku jarrabawar da aka tanada wa masu neman shiga jami'a, kuma David Lubinski da Camilla Benbow suka ci gaba da bin rayuwar mutum fiye da 5,000 shekara da shekaru. Daga cikin abin da suka tabbatar, waɗanda aka tsallakar da su aji sun fi takwarorinsu masu basira irin tasu yawan kaiwa ga digirin digirgir da wallafa bincike, kuma tsoron da ake yi cewa gaggautawar za ta ɓata musu zaman tare da mutane bai tabbata a kan galibinsu ba.

Saboda haka, a ganina, uban da ya tsaya tambayar wace makaranta ce ta fi suna ya yi kama da mai sayen doki da ya shagala da yabon sirdi. Gani ya kori ji: ya nemi izini ya shiga ajin da ɗansa zai zauna, a lokacin lissafi, ya sami kujera a baya, ya zuba ido a kan yaron da ya riga kowa gamawa. Malama ta rubuta tambaya goma a allo a kan sulusi da rubu'i da humusi, wannan yaro ya gama kafin na kusa da shi ya kai ta uku, ya ajiye fensir yana kallon taga. Me za ta yi da shi? Wata za ta ƙara masa goma irin waɗanda ya gama, wanda wannan horo ne aka yi masa saboda ƙoƙarinsa, kuma ba da jimawa ba zai koyi jan jiki don kada a ƙara masa. Wata za ta ce ya zagaya ya taimaki 'yan'uwansa, abin da ke da lada da tarbiyya idan jefi-jefi ne, amma idan ya zama kullum to an mayar da shi ƙaramin malami ba albashi. Wata kuwa za ta matso ta ce masa, “To, samo mini lamba da ta fi sulusi amma ba ta kai rabi ba, idan ka samu, ka gaya mini ko irinta nawa ne a tsakaninsu,” ta bar shi yana cizon fensir har a kaɗa ƙararrawa. Wannan ta ukun ita ake nema, a cibiya take ko a unguwa. Kuma da yake malami na iya canza wurin aiki, ya kamata uban ya tambayi hedimasta kai tsaye ko makarantar na gwada yaro kafin a fara babi don a ɗauke masa abin da ya riga ya sani, da kuma ko tana yarda ɗan aji uku ya tafi aji biyar a lokacin lissafi kaɗai ya dawo.

Malamanmu na zaure ba za su ga baƙon abu a nan ba. Shaihu Zarnuji, a littafinsa Ta'alimul Muta'allimi, ya ware fasali guda a kan zaɓen ilmi da malami da abokin karatu da kuma sabati a kansu, inda ya kawo shawarar da aka ba mai tafiya Bukhara neman ilmi cewa kada ya yi gaggawar zama gaban kowane malami, ya dakata wata biyu yana nazari da shawara, don kada ya fara da wani sa'an nan ya bar shi, albarkar karatun ta tafi. Iyayen Fairfax suna da sauƙi guda a wannan fuska, domin cancantar da kwamiti ya ba yaro ba ta faɗuwa har aji takwas, wanda ya bar ɗansa a unguwa bana yana iya kai shi cibiya baɗi.

Halin yaron kansa ma abin lura ne. Herbert Marsh, masanin halayyar ɗan'adam, ya nuna tun cikin shekarun 1980 cewa idan aka ɗauki yara biyu masu basira ɗaya, wanda ke cikin ajin zaƙaƙurai yakan fi raina iyawarsa a kan wanda ke ajin gama-gari, saboda kowa da na kusa da shi yake auna kansa. Akwai yaron da wannan ke yi wa magani, ya sauke masa girman kai, ya koya masa bita. Akwai kuma mai raunin zuciya wanda idan ya zo na goma sha biyar bayan ya saba da na ɗaya sai ya yanke cewa dama can shi ba kowa ba ne. Uwa ta fi kwamiti sanin wanne ne nata.

A Nijeriya tanadin da gwamnatin tarayya ta yi wa haziƙai daga sakandare yake farawa, a makarantar Suleja da ake shiga ta jarrabawar da hukumar NECO ke shiryawa. A firamare kuwa abin da aka fi sani shi ne tsallake aji, har ya zama al'ada a makarantun kuɗi da yawa yaro ya wuce sakandare daga aji biyar, wani lokaci ma daga aji huɗu, ba tare da an tsaya bambance wanda ya riga ya iya da wanda iyayensa ke gudun kuɗin shekara guda ba. Masana a jami'ar Iowa sun tsara wani ma'auni da makarantu ke bi kafin su tsallakar da yaro aji sukutum, kuma a cikin abubuwan da suka ce idan an same su a dakata akwai rashin son yaron da kansa, akwai kuma idan tsallakewar za ta kai shi aji ɗaya da yayansa ko ta wuce da shi gabansa, ko kuwa yana da ɗan'uwa a ajin da zai bari. A irin wannan hali sukan ba da shawarar a gaggauta masa darasin da ya yi fice a kansa kaɗai, ya ci gaba da zama a ajinsu. A gidajenmu, inda ba wuya a sami 'yan uba biyu ko uku sa'o'in juna a aji guda, kowanne da uwarsa a ɗakinta tana jiran ranar ba da sakamako, wannan sharaɗi ya fi nauyi nesa ba kusa ba a kan yadda yake a Iowa.